Bar Cerinka a Kanada, Mun Dasa Tsada

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya baƙunta, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan Birnin Kudu alhamdulillahi. Bazara ta kankama, kowa na sharar gona da kai taki, ido na gabas.

Hotunan cerin da ka dasa a bayan gidanka sun iso, kuma na gode da tayin aiko min da ƙwallayensa ta hannun mai zuwa gida. Amma don Allah kada ka wahalar da bawan Allah. Kai da bakinka ka ce Jami'ar Saskacewan ce ta samar da irin, aka haɗa ceri mai tsami da wani gajeren ceri na Mongoliya, har aka fitar da wanda ake kira Carmine Jewel a 1999, domin ya jure sanyin da ke kaiwa awo 40 ƙasa da sifiri. To itacen da aka yi don irin wannan ƙasa, sanyin abincinsa ne. Sai ya zubar da ganye ya kwanta makonni da yawa a sanyin da bai wuce awo 7 ba kafin ya yarda ya yi fure. Mu kuwa hunturun da muke ta kuka da shi, mu hura wuta mu ƙaurace wa wanka, da ƙyar yake sauka awo 10 da asuba, kafin hantsi rana ta ƙwace. Ko ya tsiro, watan Afrilu zai gama da shi.

Sai dai zancenka ya yi min rana ta wani gefen. Da ka ce ɗan gajeren itace ne, bai fi tsayin mutum da hannu a sama ba, 'ya'yansa kuma na kashe haƙori don tsami, sai na ce ai wannan tsadarmu yake siffantawa. Ka tuna yadda 'yan talla ke kasa ta a faifai a ƙofar makaranta, ruwan ɗorawa shar, mu tsotsa muna runtse ido? Yau yaran gidana ba su san ta ba. Masu itace da masu gawayi sun share dajin da muke tsinko ta, sauran kuma ya zama gona. Sai ka nausa wajen Gwaram ko dajin Falgore kafin ka ga ta kirki, abin da ya rage wa yara shi ne garin lemo na leda mai rina harshe.

Shi ya sa na sa wani Bafillatani da muke hulɗar nono ya tsinko min nunannu daga inda suke kiwo. Na cire naman, na wanke ƙwallon, na shuka tun yana ɗanye a ledojin reno, yashi da takin da ya ruɓe. Cikin wata guda mafi yawansu suka fito. Malamin gona ya faɗa min wani abu da ya ba ni mamaki: ashe saiwar tsada takan laluɓi saiwar itacen da ke kusa ta manne ta riƙa sha daga jikinsa, ko da yake ba ta kashe shi kamar yadda ƙuduji ke yi wa dawa, kuma ko ita kaɗai takan rayu. Don haka ban dasa su a tsakar gida ba, na jera su a jikin shingen bayan gida kusa da sabara. Da ma ƙayarta ba ta wasa ba ce, in ta girma ita ma shinge ce. A yanzu dai ni ke yi mata shingen, saboda awaki, ina kuma barbaɗa toka a gindi don gara. An ce sai ta shekara uku ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Allah Ya nuna mana.

Wani ya ba ni shawara in dasa magaryar aure irin ta Indiya, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa a Nijar, ake ce mata tuffar Sahel. Na ɗanɗana, manya ne kuma da zaƙi, amma ni ba zaƙi nake nema ba.

Ragowar da Bafillatanin ya kawo kuwa, uwargida ta nuna min ashe ban san komai a kanta ba. Ta jiƙa ta a ruwan ɗumi, ta murje da hannu, ta tace da rariya. Ba a kai ta turmi, domin in ƙwallon ya fashe ɗaci zai ɓata ruwan, kuma cikinsa ba abin da za a bar yara su yi ta ci ba ne. Ta sa citta da kanumfari da ɗan zuma, aka jefa ƙanƙara. Wallahi zoɓo albarka. Washegari ta dama kunu da ruwan a madadin tsamiya, ya fito da wani ƙamshi da tsamiya ba ta da shi, sai dai in ɓawon ya daɗe a jiƙe yakan kawo bauri. Inna ta sha kofi guda ta ce rabonta da wannan tun tana amarya.

Damuwar ɗaya ce, ba ta ajiyuwa, kwana kaɗan ta yi laushi ta lalace. Nan ne nake neman taimakonku. Ka ce mai ɗakinka tana dafa cerinku da sukari har ya yi kauri, ta ɗura a kwalba ya kai ku wata da watanni ana shafa wa burodi. Ka roƙa mana ita ta yi wa uwargida bayani ta murya a WhatsApp: yawan sukari a kan mudu guda, tsawon dahuwar, da yadda take tafasa kwalaben kafin ta ɗura.

Inna na gaishe ka, tana tambayar ko za ku zo babbar salla. A shafa min kan yara.

Wassalam,
Naka amini.