A Kai Awon Ciki Ƙauyukan Fadama

Malam Edita,

Ina rubuto maka ne kan rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da ya nuna an haifi bakwaini miliyan 13.4 a faɗin duniya a shekarar 2020.

Garkuwar jikin mai juna biyu kan sassauta domin kada ta yaƙi ɗan da ke ciki, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara ke saurin kama ta, kumburin da suke haddasawa kuma yana iya tayar da naƙuda kafin mako 37. A ƙauyukan shinkafa na Argungu, inda sauro ke kwana da mutane, mata da yawa ba sa zuwa awo sai ƙafa ta kumbura.

Ina roƙon gwamnatin Kebbi ta riƙa tura ma'aikatan jinya ƙauyuka ranar kasuwa, su gwada fitsari, su raba Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro kyauta.

Wata ungozoma,
Argungu