Saƙo ga 'yan Michika mazauna ƙetare: kafin ka tura, tuna da wanda ke gida

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Ingila, Amurka, Kanada, Jamus da duk inda karatu ko neman abinci ya kai mu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya yara? Mutanen gida suna gaishe ku, sun kuma gode da gudunmawar kuɗin makarantar marayu.

Kwamitin ƙungiyarmu ya zauna a kan abin da ya faru makon jiya, aka ɗora mini rubuta wannan. Wani bidiyo ya zagaya wayoyinmu, wai sabon hari ne a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. Kafin gari ya waye a gida, mu nan har mun gama shari'a. An yi zage-zage, an kama sunan wani mutum an ce shi ke kai wa 'yan ta'adda rahoto, wani ma ya ce a karkatar da kuɗin asusu a saya wa samari “kayan aiki”. Da aka kira gida sai aka tarar tsohon bidiyo ne, kuma ba a yankinmu aka ɗauke shi ba. Amma magana zarar bunu ce. Sunan bawan Allahn nan ya riga ya fita, ga shi da shago a kasuwa, ga 'ya'ya a makaranta ɗaya da 'ya'yan ƙannenmu.

Ba wanda zai ce fushinmu ba shi da tushe. A watan Satumban 2014 Boko Haram ta shiga Michika, iyayenmu suka hau duwatsu, wasu suka gangara Yola a ƙafa, wasu suka tsallaka Kamaru. A ƙarshen Oktoba aka kama Mubi, hedikwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ke Kwarhi ma ba ta tsira ba. Waɗanda suka koma a 2015 toka suka tarar a inda suka bar majami'u da rumbuna. Ni ma akwai wanda har yau ban san kabarinsa ba. Don haka ba daga kan tudun wanda bai ji ciwo ba nake magana.

Sai dai ku tuna da Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, wanda 'yan ta'adda suka sace a farkon Janairun 2020. Duk mun ga bidiyon da suka ɗauke shi. Mutum yana hannun masu kashe shi, amma muryarsa a kwance, bai zagi kowa ba, bai roƙi a rama masa ba. Ya nuna cewa duk halin da mutum ya tsinci kansa yana hannun Allah, ya roƙi iyalinsa da abokan aikinsa su yi haƙuri, su kula da yaransa. Ranar 20 ga watan suka kashe shi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wanda wuƙa ke wuyansa ya iya riƙe harshensa, mu da ke zaune a ɗaki mai ɗumi a Landan ko Houston, da shayi a gabanmu, mun kasa riƙe yatsunmu.

Na san amsar da wasu samarinmu za su bayar, domin ɗaya daga cikinsu ya kira ni ya faɗa mini: “Baba, haƙurin nan ne ya sa ake taka mu.” Ɗana, ban raina maganarka ba. Amma buɗe Yohanna 18. Da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai yi shiru ba. Ya tambaye shi, in mugun abu na faɗa, ka nuna shi, in kuwa gaskiya ce, don me ka mare ni? A wannan sura ɗin kuma Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, Ubangiji ya ce ya mayar da shi kube. Bulus ma da za a yi masa bulala a Urushalima, 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma ya kafa hujja da shi. To mu ma mu yi magana, mu rubuta wa gwamnati, mu matsa a kawo jami'an tsaro, mu tsaya wa gwauraye a gaban hukuma, mu faɗi sunan zalunci ƙarara. Abin da aka hana mu shi ne ramuwa, Romawa 12:19 kuwa ta faɗi mai ita, wato Ubangiji.

Akwai kuma ɗan ƙasarmu na Bazza, Bishop Stephen Dami Mamza. Ya buɗe harabar cocin Saint Theresa da ke Yola ga dubban 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addinin kowa ba. Da ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu. Ya sha suka daga wasu namu, bai fasa ba. Ba sai ka yarda da shi a komai ba kafin ka gane cewa wannan ba aikin matsoraci ba ne.

Abin da ya fi damun kwamiti dai shi ne wannan: mu muke hura wutar, na gida take ƙonawa. Kun san yadda zargi ya raba garinmu bayan an dawo, har ranar kasuwa ta rabu biyu, waɗannan Asabar, waɗancan Lahadi. Shekaru dattawa da fastoci da limamai da matan zumunta suka yi suna ɗinke wannan ɓaraka da allura. Saƙon murya guda na minti biyu daga Turai yana iya warware ta a dare ɗaya, domin a gida ana ɗauka duk wanda ke waje ya fi sanin abin da ake ciki. Kai ka tura ka tafi aiki. Mamarka ce za ta je ɗiban ruwa rijiya ɗaya da matar wanda ka zaga. Kada kuma mu manta cewa a ƙungiyar nan muna da 'yan'uwa Musulmi da su ma aka kashe musu mutane, suna biyan kuɗin wata kamar kowa, kuma sun karanta duk abin da aka rubuta. Gare ku, a madadin kwamiti, muna neman gafara.

Ga abin da muka tsayar. Duk labarin hari, a fara turo wa sakatare, shi zai kira mutum biyu a gida su tabbatar kafin a yaɗa. Ba za a ƙara kama sunan kowa da zargi a cikinmu ba. Mai hujja ya kai wa hukuma, za mu taimaka masa da hanya. Kuɗin asusu kuma na makaranta ne da asibiti da iri da taki, sisin kwabo ba zai tafi wani wuri ba. Wanda ransa ya ɓaci ya ajiye waya, ya kwana, ya karanta Yakubu 1:19, da safe ya kira ɗaya daga cikin dattawanmu su yi addu'a tare.

Mun nemi dattawa biyu a gida su je wurin mutumin da aka ɓata wa suna su ba shi haƙuri da sunanmu. Waɗanda suka yaɗa maganar sun san kansu, muna sa ran jin kiransu kafin taron Asabar ta ƙarshen wata. Za a buɗe taron da addu'a domin iyalan da har yanzu ke jiran nasu, sannan ma'aji ya karanta lissafin kuɗin zangon karatu na biyu.

Naku cikin Almasihu,
Sakatare, a madadin kwamiti