Maganar yaron nan da kwantiraginsa na NFL

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Kano, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonka kan ɗan wan matarka da wani kulob na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), ya ɗauka bayan an gama zaɓen 'yan wasa ba a kira sunansa ba, ka ce har an fara yi wa gidansu barka wai ya sa hannu a kwantiragin kusan dala miliyan 3. To Allah ya sanya alheri, amma don Allah ka ce su ɗan sassauta tukuna.

Wannan miliyan 3 ɗin a takarda take. Duk wanda ba a zaɓa ba shekara 3 ake rubuta masa a kan albashi mafi ƙanƙanta, a 2025 dala 840,000 ne shekarar farko, sai ya ɗan hau a ta biyu da ta uku, in ka tara shi ne kuɗin da suke ta faɗa. Amma fa gobe in koci ya ce ya tattara kayansa, babu mai biyansa ragowar. Abin da za ka tambaya kawai shi ne nawa aka ba shi na sa hannu, nawa ne garanti, wato kuɗin da dole a biya shi ko an sallame shi. In garantin ya kai kamar dala 234,000, wato abin da ɗan rukunin atisaye ('yan ajiya da ke atisaye da kulob ba tare da suna cikin babban jeri ba) ya samu a 2025 a mako 18 a kan dala 13,000 duk mako, to kulob ɗin da gaske yake, ko bai shiga babban jeri ba suna so ya zauna musu. In kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ne, jiki kawai suke nema da za a yi ta bugu da shi a sansani lokacin zafi.

Lissafin gurbi ma ba daɗi. Mutum 90 ake shiga sansani da su, ƙarshen Agusta a rage zuwa 53, a cikinsu 'yan layin gaba irinsa, masu kare kwatabak (mai jefa ƙwallo), yawanci 9 ne ko 10, biyar masu farawa an san su, sai waɗanda aka zaɓa da wuri, su kuma manaja ba ya son korarsu don kar a ce bai iya zaɓe ba, ka ga saura kujera ɗaya ko biyu kenan ake rububi a kai. Abin da ya ɗan taimaki irinsu shi ne dokar da ta ce kulob zai iya sa wa mutum 48 kaya ranar wasa in 8 daga ciki 'yan layin ne. Shi ya sa ka tambayar min, a layin nan gad (na gefen ɗan tsakiya) kaɗai yake bugawa ko yana iya santa (ɗan tsakiya), ko takul (na ƙarshen layi) na hagu da dama? Wanda ya iya wuri biyu ko uku shi ake riƙewa.

Kuma kar ka ce na kashe maka gwiwa. Duba Alaric Jackson, daga jami'ar Iowa ya fito, 2021 babu wanda ya zaɓe shi, kulob ɗin Rams suka ɗauke shi, a shekararsa ta farko suka ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL. Da takul ɗinsu na hagu Andrew Whitworth ya yi ritaya Joe Noteboom aka ba kwantiragin dala miliyan 40 don ya gaje shi, shi kuma Jackson a 2022 gudan jini ya katse masa kakar wasa, amma 2023 ya dawo ya ƙwace takul na hagu, 2025 ga shi da shekara 3 a kan wajen dala miliyan 57. Terence Steele na Cowboys ma haka, ba a zaɓe shi a 2020 ba, 2023 ya sa hannu a sama da miliyan 80. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, wanda ba a zaɓa ba ana iya sabunta masa kwantiragi bayan shekara 2, wanda aka zaɓa sai ya yi 3.

Ni dai in ka bi ta tawa, rukunin atisaye za su sa a rai bana, kuma wallahi ba abin rainawa ba ne, ana yawan jin rauni a layin nan, kafin Nuwamba sai ka ga an ɗauko shi. Ka ce ya dage a wasannin share fage, don ba kulob ɗinsa kaɗai ke kallon faifan ba, sauran 31 ma suna gani, in an sallame shi wani na iya wawure shi washegari.

Ka turo min adadin garantin da wurin da yake bugawa in ƙara dubawa. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na nan Amurka