Zakaran da na saya da kuɗin adashina ya jawo mini rigima da facalata

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinka ce na noma da kiwo daga Unguwar Rogo a nan Jos. Na rubuto ne raina a ɓace, jiya ko runtsawa ban yi ba, don haka ka yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse.

Kaji bakwai gare ni, duk na Hausa, asalinsu sagara biyu ne da marigayiya Innata ta ba ni da zan tare. Da su nake sayen omo da littafin yara, ban taɓa tambayar maigida kuɗin irin wannan ba. To da Babbar Sallah baƙinsa suka zo daga Bauci, ya kama zakarana ya yanka, ina unguwa. Ban ce komai ba. Kajin suka ci gaba da saka ƙwai, ni kuma ban san ƙwan da ba zakara ba ya ƙyanƙyashewa ba, wallahi ban sani ba. Na tara wa kazata Goshi guda 10 ta kwanta a kai kwana 21 cif, har na ƙara mata uku, ƙarshe duk baragurbi, warin ya hana mu zama a tsakar gida.

Shi ya sa da na ɗauki adashi na tafi kasuwa na sayo zakaran Noiler, wato irin kajin nan da aka inganta, ƙato, ja da baƙi, zankonsa kamar tafin hannun yaro. Mai sayarwar ya rantse mini an yi masa allurar rigakafin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom. Ban nemi wata shaida ba, wa ke neman takarda a kan zakara? Maƙwabciyata ta ce in ɗaure shi gefe mako biyu tukuna in ga lafiyarsa. Malam, ina zan ɗaure shi? Gidanmu gidan gandu ne, akurki ɗaya gare ni, ga sanyin Jos na wannan lokaci da ko mutum bai iya kwana a fili. Daren nan na tura shi cikin kajin.

Na manta ban faɗa maka ba, facalata, matar yayan maigida, tana da wani ɗan jan zakara, ƙanƙane amma masifaffe kamar mai shi. Kullum yana ɓangarena yana cin dusar da na saya, ban taɓa korarsa ba. Ko da yake a lokacin ƙwan Goshi ba ya nan, ta kai shi gidan iyayenta, ina jin da gangan. Gari na wayewa suka haɗu da nawa, suka yi ta dambe har jini a bakin rijiya. Nata ne ya fara, yara sun gani. Ta fito da muciya tana cewa na kawo mata ɗan daba gida.

Kajin ma ba su karɓe shi ba. Kwana uku suna gudunsa, suna hawa katanga. Da suka saba kuma sai nauyinsa ya zama abin tsoro, in ya taka kaza sai ta durƙushe. Goshi yanzu bayanta fes ba gashi, fatar ta yi ja, akwai tsaga ƙarƙashin fiffike inda farcensa ya kama. Na shafa mata man kaɗanya. Na ji kun ce zakara ɗaya yana iya riƙe kaji 8 zuwa 10, to nawa bakwai ne, me ya sa ya nace wa ita kaɗai?

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kwana shida da zuwansa kaji biyu suka fara sanyi, fiffike a ƙasa, kashi kore-kore, ɗaya wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana zagaye. Shi kuwa gogan lafiyarsa lau, cara yake tun kafin assalatu. Shekaranjiya 'yan tsakin facalata uku suka mutu. Jiya ta tara ni gaban surukarmu ta ce zakarana ne ya kawo ciwo, sai na biya. Alhali kowa ya san duk hunturu wannan ciwon yana share kaji a unguwa, bara ma ya yi, lokacin wa ya sayo zakara? Kuma ita ba ta taɓa ɗiga wa kajinta maganin rigakafi ba. Ni ma gaskiya bana ban yi ba, kuɗin ne suka tafi wajen zakaran.

Sai kuma ta ɓullo da wata. Akwai kazata baƙa da ke kwanci yanzu a kan ƙwai 9, waɗanda ta fara sakawa a makon da zakaran ya zo. Wai ai kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu ko fiye, saboda haka 'yan tsakin na jan zakaranta ne, a raba biyu. Ke da kika ce in biya ki, yanzu kuma kina neman gado? Maigida yana zaune yana danna waya, da na dube shi sai ya ce maganar mata ce. Shi da ya yanka mini zakaran farko.

Malam, ka taimake ni. Zakara mai lafiya zai iya ɗauke da ciwo bai nuna ba? In raba shi da su yanzu ko aikin gama ya gama? Waɗanda suka rage in kai su asibitin dabbobi ne ko akwai abin da zan sa musu a ruwa? Sannan don Allah ka faɗa a rediyo, don tana sauraron shirin, ko akwai hakkinta a ƙwan nan. In na biya ta kuɗin tsaki uku, gobe ba za ta ce akuyarta ma ni ce ba? Hajiya surukarmu ta ba mu zuwa Juma'a, kuma ƙwan saura kwana 12 su fashe.

Taka mai sauraro,
daga Unguwar Rogo, Jos