Wasiƙa daga Xi'an zuwa ga aminina Habibu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Saƙonka ya iso, kuma maganar da ka rufe da ita ta tsaya mini a rai. Ka ce tun da dillalin nan na Guangzhou ya ci amanarka a kan kayan yadi, ka yanke cewa Sinawa ba su san alheri ba, kuɗi kawai suka sani. Ban ga laifinka ba, asarar ba ƙarama ba ce, Allah Ya mayar maka da mafificin alheri. Amma bari in gaya maka abin da na tsinta a harshensu cikin shekara 2 da na yi ina koyonsa, domin irin mutumin da ya cuce ka, su ma suna da sunan da suke kiransa.

Suna cewa kou mi fu jian, wato zuma a baki, takobi a ciki. Ranar da malamarmu ta rubuta shi a allo, nan take na tuna da namu, Musa a baki Fir'auna a zuci. Irin waɗannan maganganu masu kalma huɗu chengyu ake kiransu, kuma da yawansu akwai labari a bayansu. Wannan a kan Li Linfu aka faɗe shi, wazirin Sarki Xuanzong na daular Tang, wanda ya riƙe mulki kusan shekara 19 a nan garin da nake zaune, lokacin ana kiransa Chang'an. Yakan tarbi mutum da daɗin baki, bayan ya juya sai ya sare shi a wurin sarki, musamman in ya ga mai ilimi ne da zai iya shiga gabansa. Ya mutu a shekarar 753, har yau ba su yafe masa ba.

A zuciya suke ajiye komai, kamar mu. Xin suke ce mata, ga yadda ake rubuta ta: 心. Mai kirki hao xin ne, mai kyakkyawar zuciya. Ɗan kasuwa mai algus kuwa hei xin, baƙar zuciya. In ka duba harafin mugunta, da na tausayi, da na ƙullata, za ka ga zuciyar nan zaune a ƙasan kowanne. Na haƙuri ma kaifin wuƙa ne a bisa zuciya, ban taɓa ganin an kwatanta haƙuri daidai haka ba.

Sanyin bara ya kayar da ni, Habibu. Kwana huɗu ina kwance da zazzaɓi, ƙanƙara na zuba a waje, babu wanda na sani kusa. Tsohuwar da nake haya a gidanta mace ce mai faɗa, kullum sai ta yi mini magana a kan takalmi ko a kan wuta. Ita ce ta ga shiru ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta kawo mini bargo da ruwan citta mai zafi, ta taka har unguwar Musulmi ta sayo mini romon rago don ta san ba komai nake ci ba, tana ajiyewa tana yi mini faɗa a kan fita ba hula. Da na ba abokan karatuna labari sai suka ce ai wannan dao zi zui, dou fu xin ce, bakin wuƙa, zuciyar awara. Abin da ta yi kuma sunansa xue zhong song tan, kai wa mutum gawayi cikin ƙanƙara. Suna bambanta shi da jin shang tian hua, ƙara wa alharini fure, wato kyautar da ake kai wa wanda ya riga ya wadata.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganar rijiya. Babbar kalmarsu ta kirki ita ce ren, 仁, harafin mutum haɗe da na biyu, wadda Confucius, babban malaminsu na dā, ya gina koyarwarsa a kanta. Mengzi, da ya zo bayansa a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce duk wanda ya ga yaro yana shirin faɗawa rijiya, gabansa zai faɗi, ba don neman shiga wurin iyayen yaron ba, ba kuma don 'yan gari su yabe shi ba. Wannan faɗuwar gaba ita ce tsiron ren a wurinsa. To a bakin rijiyar kuma suka ajiye mafi munin mugunta, luo jing xia shi: mutum ya faɗa rijiya, kai kuma ka bi shi da dutse.

Asalin maganar rubutun da Han Yu, wani marubuci na zamanin Tang, ya yi ne don kabarin abokinsa Liu Zongyuan, wanda ya rasu a 819. A shekarar 815 fada ta kori Liu Zongyuan da amininsa Liu Yuxi zuwa garuruwa masu nisa. Wurin da aka tura Liu Yuxi ya fi muni, ga shi da tsohuwar uwa da ba za ta iya tafiyar ba, sai Liu Zongyuan ya nemi a musanya musu, shi ya tafi can. Han Yu ya kawo wannan, sannan ya kwatanta shi da masu rantse wa juna a kan abinci da sha, waɗanda in an sami saɓani a kan abin da bai kai gashi ba, sai su ga mutum cikin rami su ƙara masa dutse. Ina karantawa kai nake tunawa, shekarar da mahaifina ya rasu kuɗin makarantata ya gagara, ka sayar da babur ɗinka ba ka gaya wa kowa ba.

Game da dillalin, ka turo mini hoton takardun da kuka yi da rasiɗan duka. Ina da hutu ƙarshen wata, zan shiga jirgin ƙasa in je Guangzhou da wani abokina ɗan ƙasar, mu ga abin da za a iya ceto.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida su Malam da 'yan majalisa baki ɗaya.

Naka har kullum,
Nasiru