Wa ke ba littafi lamba a laburaren Amurka?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato matsayin baƙaƙen fata da sauran tsiraru a aikin laburare a Amurka. Ni ma'aikaciyar laburare ce, kuma mafi yawan shekarun aikina na yi su ne a sashen da ake ba littafi lamba kafin a ɗora shi a kanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sallamar da aka yi wa Carla Hayden, shugabar Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, a watan Mayun 2025. Mutane da yawa sun ji labarin kamar na kowane jami'in da aka raba da kujerarsa. Mu da ke cikin sana'ar ya taɓa mu. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka an kafa shi tun 1800, amma sai a 2016 aka samu mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko, da ta shugabance shi.

Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka laburare wuri ne da babu ruwansa da launin fata. A watan Maris na 1961 ɗalibai tara baƙaƙen fata daga kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren birnin Jackson a jihar Mississippi, wanda aka keɓe wa farare, suka zauna suna karatu shiru. 'Yan sanda suka kwashe su. Ma'aikatan ma ba su tsira ba: a taron ƙungiyar laburarorin Amurka, ALA, da aka yi a Richmond a 1936, baƙaƙen fata 'yan ƙungiyar ba su da damar kwana a otal ɗin taron ko zama cin abinci da abokan aikinsu. Sai da E. J. Josey, wani ma'aikacin laburare baƙar fata, ya tashi tsaye a 1964 kafin ƙungiyar ta hana shugabanninta halartar tarukan rassan jihohi masu nuna wariya. Neman afuwa kuwa bai zo ba sai 2018.

Ƙofa ta buɗe, gaskiya ne. Amma har yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙwararrun ma'aikatan laburare a ƙasar farare ne. Babban dalili a bayyane yake: ba ka zama cikakken jami'in laburare sai da digiri na biyu, kuɗin karatun da tsada, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Ɗan talaka zai yi ta jera littattafai shekara da shekaru, ya san kowace kanta kamar tafin hannunsa, amma ranar yanke shawara ba a kiransa. Tallafin karatu na Spectrum da ALA ta fara a 1997 ya taimaki mutane da dama, sai dai tafiyar tana da nisa.

Inda abin ya fi damuna shi ne lambar da ake manna wa littafi, domin nan ne hannuna yake. Tsarin da laburarori da yawa a duniya ke bi shi ne wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876. Ya ware wa addini lamba 200 zuwa 299. Daga 220 har zuwa 289 Baibul ne da Kiristanci. Duk sauran addinan duniya aka cusa su a 'yan lambobin ƙarshe, Musulunci da faɗinsa ya samu 297 kaɗai. Na sha zama da tulin littattafan tafsiri, hadisi, fiƙihu da tarihin Annabi a gabana, ina ƙara ɗigo da lambobi a bayan 297 har takardar da zan liƙa ta fi kaurin littafin tsawo, sai na lanƙwasa ta zuwa bango. Mai karatu ya zo nema, ya tarar da komai a cakuɗe wuri guda, ya juya hannu rabbana. Masu kula da tsarin sun yi gyare-gyare daga baya, amma ginshiƙin yana nan. Shi kansa Dewey, a 2019 ALA ta cire sunansa daga lambar yabonta saboda wariyar da ya nuna wa Yahudawa da baƙaƙe da kuma cin zarafin mata.

Dorothy Porter, ma'aikaciyar laburare baƙar fata a jami'ar Howard, ta ga wannan tun wajajen 1930. Ta tarar ana jefa rubutun baƙaƙen fata a lamba biyu kacal, 325 ta mulkin mallaka da 326 ta bauta, ko da kuwa waƙoƙi marubucin ya rubuta. Sai ta sake jera su bisa fanninsu: mawaƙi cikin mawaƙa, masanin tarihi cikin masana tarihi. Wasu sun daɗe suna wucewa ta gaban waɗannan kantoci ba su ga aibu ba. Ita ta gani, domin mutanenta ne aka yi wa haka. Haka ɗaliban kwalejin Dartmouth suka matsa tun 2014 a daina kiran baƙin haure da wani laƙabi na wulaƙanci a kundin neman littattafai, kuma sai a 2021 Laburaren Majalisa ya canza shi.

Na san akwai masu cewa a bar cancanta ta yi aiki, littafi ba shi da launi. Ni ma cancanta nake so. To amma sanin harshen mai karatu, da sanin abin da ke hana shi tambaya idan ya tsaya gaban tebur, ai shi ma cancanta ne, kuma ba a cika koyar da shi a aji ba.

Ina roƙon jaridarku, in za ta sake waiwayar wannan batu, ta nemi jin ta bakin ƙananan ma'aikatan da ke jera littattafai, ta tambaye su me ya hana su kaiwa sama.

Taku mai karatu a kullum,
Wata ma'aikaciyar laburare