Wasiƙar Shugaban Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Takardar Zaɓen Aji da Labarin Injiniyan Wayar Hannu

Gusau, Jihar Zamfara
Zangon karatu na uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyayenmu da masu riƙon yaranmu, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Allah ya sa damina ta yi albarka, ya zaunar mana da jiharmu lafiya, ya tsare waɗanda ke bisa hanya.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan karon, sauran zan taɓo su a ƙasa. Takardar zaɓen aji da muka ba 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ta fara dawowa, kuma abin da na gani bai yi mani daɗi ba. Yaran da malamansu suka shaide su da kai a lissafi, sai ga takardunsu an soke ajin kimiyya da biro an rubuta wani. Da muka bincika, wasu iyayen sun ce lissafi zai wahalar da yaro, wasu sun ce kuɗin kayan gwaji, wani uba kuma ya aiko mani da cewa 'ya mace me za ta yi da Fiziks in ba likita za ta zama ba. Alhaji, na karɓi saƙonka, kuma rabin wannan wasiƙa amsarka ce. Ban raina ajin adabi ba, ni kaina daga can na fito. Amma yaro ya je can don ya dace da shi, kada ya zama an tura shi ne don tsoro.

Da kun zo Makon Kimiyya da ban yi wannan dogon rubutu ba. Mun yi hayar kujeru saboda iyaye, yawancinsu haka aka mayar da su ba wanda ya zauna. Waɗanda suka zo, musamman iyaye mata da suka baro girki da sana'a, na gode ƙwarai, na kuma riƙe fuskokinku. Malaminmu na Fiziks, Allah ya saka masa da alheri, ya bi shagunan masu gyaran waya da ƙafarsa ya roƙo matattun wayoyi, ya buɗe su gaban yara, sannan ya ba su tarihin mutumin da ya fara kira da wayar hannu. Ba a saka shi ba, ba a biya shi ba. Ga abin da ya faɗa, don waɗanda ba su ji ba.

Sunan mutumin Martin Cooper, an haife shi a birnin Chicago na Amurka a 1928, ɗan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Ukraine. Ya karanta injiniyancin lantarki ya gama a 1950, ya yi aikin sojan ruwa lokacin yaƙin Koriya, sannan ya shiga kamfanin Motorola a 1954. Shekara kusan ashirin ya yi yana aiki a kan ƙananan abubuwa, irin su oba-obar da 'yan sandan Chicago ke riƙewa a hannu, kafin duniya ta ji sunansa. Ina so iyayen da ke son ganin sakamako cikin zango ɗaya su lura da wannan.

A lokacin, babban kamfanin wayar Amurka, AT&T, yana ganin wayar tafi-da-gidanka sai dai a girke ta cikin mota, domin na'urar nauyi gare ta. Cooper ya ƙi yarda. A ganinsa lambar waya ta mutum ce, ya kamata ta bi shi duk inda ya sa ƙafa, ba ta zauna a gida ko ofis ko mota ba. Shi da abokan aikinsa suka duƙufa kimanin wata uku suka haɗa samfuri. Ranar 3 ga Afrilun 1973 ya tsaya a bakin titi a New York ya yi kira, kuma wanda ya kira shi ne babban abokin hamayyarsa, Joel Engel na Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin AT&T, don ya shaida masa cewa daga wayar hannu yake magana. Yara sun yi ta dariya a nan. Wayar ta fi kilo ɗaya nauyi. Bayan haka sai da aka ƙara shekara goma ana gyara da neman izinin hukuma kafin a amince da ita a 1983, da sunan DynaTAC. Kuɗinta dala 3,995, a yi mata caji awa goma a yi magana ta rabin awa. Da ya bar Motorola bai zauna ba, a 1992 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ArrayComm, mai ƙera eriyar da ke nufar da saƙo kai tsaye wajen mai waya maimakon watsa shi ko'ina.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin ƙarafunan sabis da muke gani a unguwanni. Zangon rediyo da hukuma ke ba kamfani ɗan kaɗan ne, in aka kafa eriya ɗaya mai ƙarfi ga gari duka, mutane kaɗan ne za su iya magana lokaci guda. Dabarar da injiniyoyin Bell Labs suka fara rubutawa tun 1947 ita ce a yanka gari gida-gida, kowane yanki da ƙaramar eriyarsa marar ƙarfi sosai. Malamin ya kwatanta da cin kasuwannin ƙauye: garuruwa biyu maƙwabta ba sa cin kasuwa rana ɗaya don kada su raba mutane, amma gari mai nisa yana iya ɗaukar wannan ranar ba wanda ya cutu. Haka ake maimaita zango ɗaya a yankunan da ba su haɗa iyaka ba. In kana cikin mota daga Gusau zuwa Tsafe kana magana, eriya ce ke miƙa ka ga ta gaba ba tare da ka sani ba, inda kuwa babu ta gaba, nan kiran ke yankewa. Lissafin nisa da ƙarfin saƙo da yawan masu kira shi ne aikin, kuma tushensa yana cikin littafin da 'ya'yanku ke ɗauke da shi a jaka. Wata yarinya 'yar aji uku ce ta tashi ta zana wannan a allo ta yi bayaninsa ba gargada. Takardarta tana cikin waɗanda aka soke.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Mo Ibrahim ɗan Sudan ne, an haife shi a 1946, ya karanta injiniyancin lantarki a Iskandariyya ta Masar, ya yi digirin dakta kan sadarwar wayar hannu a Birmingham ta Ingila, ya yi aiki da kamfanin wayar Birtaniya. A 1998 ya kafa kamfanin da aka sani da Celtel, ya kai sabis ƙasashen Afirka da manyan masu kuɗi ke gudu, aka saye shi a 2005 kan dala biliyan 3.4. Manyan cikinku sun san sunan. Layin da ya fara da Econet ya koma Vmobile, a 2006 ya zama Celtel, daga nan Zain, shi ne Airtel na yau.

Mu kuma ba sai an tuna mana ba. A 2001 aka sayar da lasisin GSM a Najeriya, kowanne dala miliyan 285, kiran minti ɗaya naira hamsin, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Darajar abin kuwa mun san ta a watan Satumban 2021, da aka rufe sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro. Masu POS suka naɗe, ciniki ya tsaya, mutum ya hau mota ya tsallaka wata jiha don kawai ya ji muryar ɗansa. Kowace eriya tana buƙatar mai kafa ta, mai duba janareta da batura da farantan hasken rana, mai gyara in ta lalace. Ina kishin in ga ɗan Gusau ko Ƙaura ko Talata Mafara, namiji ko mace, yana wannan aiki da takardarsa a hannu. JAMB ba za ta bar yaro ya nemi injiniyancin lantarki ba sai da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Wanda aka cire daga ajin kimiyya a SS1, an rufe masa wannan ƙofa tun yana ɗan shekara goma sha biyar.

Saboda haka na riƙe takardun da aka soke, ban miƙa su ba. Duk wanda ya san tasa na ciki ya zo mu zauna tare da malamin aji da sakamakon yaron a gabanmu, kafin hutun ƙarshen zango. In bayan an duba kun tsaya a kan ra'ayinku, ɗanku ne, za mu bi. Mai jin nauyin kuɗin kayan gwaji ya same ni ni kaɗai, za a raba masa kashi-kashi, ba kuma wanda zai ji. Malamarmu ta lissafi ta ɗauki nauyin darasin ƙari kyauta ranar Asabar da safe. Baiwar Allah nan tana da goyo amma ba ta taɓa latti ba, wasu abokan aikinta su yi koyi.

Sai dai a ji ni da kyau. Wasu yaran sun koma gida sun ce tunda an yi makon waya, an halatta zuwa da ita makaranta. Ƙarya suke yi. Dokar tana nan daram. Wayoyin da aka kama suna cikin durowar ofishina, kuma ba zan ba yaro ba, ba zan ba yayansa ba, ba zan ba mai achaɓa da aka aiko ba, sai uba ko uwa ko mariƙi ya zo da kansa. Wadda aka kama da ita ana kallon bidiyo a ajin Kemistiri, mahaifiyar ta san kanta, Hajiya ina jiran ki. Kuma ku riƙa karɓe wayoyin nan bayan sallar isha'i, gyangyaɗin da ake yi mana a darasin farko ya isa.

Sauran batutuwa. Ana rufe ƙofa da ƙarfe 7:45, mai gadi yana bin umarnina ne, a daina zaginsa. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. 'Yan SS2 da ba su da lambar NIN su yi tun yanzu, kada lokacin rajistar JAMB ya zo a fara guje-guje. Damina ta shigo, a sa wa yara gidan sauro, wanda ke zazzaɓi a bar shi gida a sanar da malamin aji. Farin takalmi ba ya cikin yunifom ɗinmu. Muna yi wa malamin Islamiyya ta'aziyyar rasuwar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa da rahama.

Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, a babban ɗakin taro. A zo da wannan wasiƙa, a sa hannu a ƙasanta don mu san ta iso gida.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Shugaban Makaranta